Ƙanƙara da Ramin Ƙaninsa

A layinmu, duk wanda esin motarsa ya daina sanyi wajen Ƙanƙara yake zuwa, kuma ba don fara'a ake zuwa ba. Mutum ne gajere mai tumbi da kaurin yatsu, wanda ya ɗauki gaisuwa a matsayin ɓata lokaci. In ka tsaya ka yi masa sallama, motar yake amsa wa. Zai buɗe ƙofa, ya kara bayan hannunsa a inda iska ke fitowa, ya yi jim, sannan ya juyo ya dube ka kamar kai ka shanye sanyin. Ana cewa sana'ar ce ta jawo masa sunan. Waɗanda suka zauna da shi sun ce ko gawayi yake sayarwa, sunan da zai samu ke nan.

Aikinsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Shagona na buga takardu yana kallon garejinsu, don haka na daɗe ina jin huɗubar da yake yi wa masu mota. Guda ɗaya ce, ba ta canzawa. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, mota ba ta shan sa. In ya ragu, akwai inda ya huje, kuma duk wanda ya ƙara maka gas bai nemo hujin ba, iska ya sayar maka. Yana faɗar haka yana shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu, yana jiran inda kumfa za ta taso. A gidansa kuwa, in ji matarsa, fankar ɗaki ta shekara tana juyawa kamar mai ciwon wuya, ya ce shi ba mai gyaran fanka ba ne.

A hannun ubansa ya koya. Tsohon shi kaɗai yake yin komai a garejin, wuta da sanyi, har ƙarfinsa ya fara ja baya ya raba wa 'ya'yansa maza sana'ar: babban ya ɗauki sanyi, ƙaramin ya ɗauki waya. Ƙaramin shi ake kira Tartsatsi, dogo siriri, mai dariya tun kafin a gama ba da labari.

Abin da ya raba su ba gado ba ne, ba kuma mace ba ce. Fiyus ne. Tun tsohon yana da rai, wata rana Ƙanƙara ya wuni a kan motar wani mutum, ya kwance gabanta kaf, sitiyari a gefe, rediyo a kan kujera, yana neman dalilin da ya hana ta sanyi. Tartsatsi ya zo wucewa da kofin shayi a hannu. Ya zura ɗayan hannun ƙarƙashin sitiyari, ya zaro fiyus, ya ɗaga shi a rana, ya sa wani, sanyi ya taso. Bai zagi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Injiniya, sai a mayar wa bawan Allah da gaban motarsa." Mai motar ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar Ƙanƙara bai ƙara yi wa ƙaninsa magana ba, shi kuma ƙanin, da ya gaji da jira, ya mayar da abin sana'a ta biyu.

Da tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, kawunsu ne ya zo raba gareji. Tela ne, mutumin kirki, bai san komai a kan mota ba sai shiga. Ya zo da igiyar awo ya raba filin biyu daidai wa daida, aka ja layi da fenti. Famfo ya faɗa ɓangaren Ƙanƙara. Ramin da ake shiga a duba ƙarƙashin mota ya faɗa ɓangaren Tartsatsi, wanda aikinsa bai cika buƙatar rami ba. Ya zuba matattun batura a ciki, ya rufe da katako, ya ɗora bencinsa a kai. Ruwan wanke hannu kuwa daga gida yake zuwa da shi a jarka, ga famfo yana ɗiga a inda in ya tofa yawu zai kai.

In magana ta zama dole, ta bakin wanda ke kusa take bi. "Malam, ka ce wa maƙwabcina rediyonsa ya cika ƙara." "Ka ce wa mai famfo kunnensa ne ya cika girma." Masu mota sun saba. Wasu ma sukan gyara saƙon a hanya don a zauna lafiya.

Suna da yaya mace, ita ce babbarsu duka, tsohuwar ma'aikaciyar ofis da kowa a layin yake kira Yaya. A gidanta uwarsu take zaune. Yaya tana da ƙaramar bas mai jerin kujeru uku da ƙofar ja, wadda ta saya lokacin da yara suka cika mata gida. Yaran sun watse, motar ta koma ta Inna. Ƙodar Inna ta gaza, sai an riƙa kai ta asibiti ana wanke mata jini, asibitin kuma yana can ƙarshen gari, bayan gadar da ba ta rabuwa da cunkoso. In an gama wankin takan fito kamar tsumman da aka matse. Likita ya gaya wa Yaya ƙarara: a wannan halin zafi zai iya kayar da tsohuwar, a kiyaye. Sai ga shi a tsakiyar lokacin zafi esin motar ya daina sanyi.

Yaya ta kawo motar ta ajiye a kan layin fentin, rabi nan rabi can. Da gangan ta yi.

"Ga motar uwarku," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Iska take hurawa kamar bakin tanda. Jiya Inna ta sauko sharkaf, da kyar muka kai ta ɗaki. Ban san aikin wane ne a cikinku ba, kuma ba na son in sani."

"Ja ta baya kaɗan, Yaya," in ji Ƙanƙara. "Gabanta yana gidan mutane."

Ta ja baya. Ya bi motar yadda ya saba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Fankar ciki tana hurawa. Ragar gaba ta toshe da ƙura da fuka-fukan ƙwari, ya wanke ta da tiyo. Ya leƙa kwamfuresa, wato tukunyar ƙarfen da ke harba gas cikin bututu, wadda injin ke juyawa da bel. Bel ɗin yana gudu, amma bakin kwamfuresa bai kama ba. Ya ɗaura gejin auna gas, allura ta kwanta. Ya shafa sabulu a duk mahaɗar da ke cikin bonet, babu kumfa. Ya tsaya yana kallon motar daga gaba zuwa baya, ya daɗe a kan bayan. Sannan ya jawo tukunyar gas ya cika ta. Sanyi ya taso.

"Ina gas ɗin ya tafi?" Yaya ta tambaya.

"Tsufa."

"Gas ne ke tsufa?"

"Motar."

Ga abin da bai faɗa ba. Irin wannan mota sanyi biyu gare ta, na gaba da na baya. Na bayan, wasu siraran bututu ne ke kai masa gas, suna bin ƙarƙashin cikin motar har saman tayar baya, inda ruwa da tsakuwa da tsatsa ke aikinsu ba mai gani. Duk mai gyaran esi ya san in gaba ya fita lafiya, can ake dubawa. Dubawar kuma sai mutum ya tsaya a ƙarƙashi da fitila. Rami yana nan kusa, da benci a kansa, da Tartsatsi a kan bencin yana yankan farce.

Ba a rufa mako ba Yaya ta dawo, wannan karon da Inna a kujerar tsakiya. Ita ta nace sai ta zo. Aka ja ƙofa aka bar ta a buɗe, tsohuwar tana fifita da guntun kwali. 'Ya'yan suka zo gaishe ta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya jira ɗan'uwansa ya bar wurin, kamar masu layin ganin likita.

"Ku yi a hankali," ta ce. "Ni ba sauri nake ba. Wanda ke jirana ba ya gajiya da jira."

Ƙanƙara bai ɗauko geji ba. Wata 'yar fitilar gwada wuta ya ciro daga aljihu, wadda tun ranar fiyus ba ya rabuwa da ita. Ya taɓa wayar kwamfuresa, fitila ba ta kama ba. Fuskarsa ta saki, abin da ba kasafai ake gani ba.

"Yaya, ki ce wa maƙwabcina wuta ba ta zuwa. Aikin masu waya ne."

Aka tura motar ta haye layi. Tartsatsi ya fara da fiyus. Ya zaro shi, ya ɗaga a rana, ya juya shi ta fuskar wansa, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda fiyus yake buƙata. Lafiyarsa ƙalau. Ya bi wayar har ya kai wani ɗan makunni da ke dashe a jikin bututun gas. Nan wuta ta tsaya.

"Kin ga wannan, Yaya?" ya ce, da muryar da za ta kai famfo. "Masu ƙera motar ne suka sa shi. In gas ya yi ƙasa sai ya yanke wuta, don kada kwamfuresa ya yi ta juyi a bushe ya ƙone. Yaro ma ya san wannan. Ki ce wa mai famfo wutata tana nan daram. Iskarsa ce ta gudu."

Abin haushin shi ne dukansu gaskiya suka faɗa. Wuta ba ta zuwa, gas kuma babu. Masu ƙera motar sun sa ɗan makunnin nan a daidai inda sana'o'in biyu suka haɗu, ba su yi tunanin akwai gidan da wuta da gas ba sa ga maciji ba.

Yaya 'yar makaniki ce, a garejin nan ta yi rarrafe. "To ba ƙarƙashi ake dubawa ba?" ta ce. "Ina ramin Baba?"

"Rami yana nan," in ji Tartsatsi. "Mai buƙata yana da baki."

"Ki ce masa ban taɓa buƙatar rami ba," in ji Ƙanƙara.

"Ni na tambaya," in ji Yaya.

"Ai ba ke za ki shiga ba, Yaya."

Inna ta daina fifita. "Kai, buɗe masa ramin."

"To, Inna."

"Kai kuma ka shiga."

"To, Inna."

Ban taɓa ganin 'ya'yan da suka kai su iya cewa to ba. Tartsatsi ya ja benci, ya ɗaga katako ɗaya. Ramin ya cika da batura da baƙin ruwa, wani wari ya taso. Ya ce kwashewa sai an samu rana guda, kuma bayansa yana ciwo. Ƙanƙara ya ce kada a wahalar da marasa lafiya. Aka sake turo motar ɓangarensa, ya ɗaga ta da jak, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine ya fara jan jiki. Kansa ya shige, ƙirjinsa ya shige, tumbin ya ce nan ne iyaka. Daga inda ya maƙale yana ganin rabin bututun na gaba, a bushe, lafiya. Sauran ya hau ta bayan tankin mai ya ɓace. Ya miƙa hannu bai kai ba. Ƙafafunsa kawai muke gani suna shure-shure, Tartsatsi kuma ya ƙara wa rediyo murya.

Ya fito da ƙura har gira. "Ƙarƙashi lafiya," ya ce.

"Ka ga ko'ina?" in ji Yaya.

"Na ga abin da zan gani."

Ya sake cika gas. Ya ce ta riƙa biyowa duk ranar asibiti da safe yana ƙara mata. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zagin masu sayar da iska ya koma zuba wa uwarsa iska, da hannunsa, yana kallon wani gefe. Haka aka yi ta yi. Hujin kuwa ba ya jiran sulhu. Da farko cikon yakan kai su ya dawo da su har ya kwana. Daga baya sai a kan hanyar dawowa sanyin ya fara sanyin jiki. Tartsatsi ya mayar da katakonsa, ya mayar da benci.

Wata safiyar asibiti Yaya ta iso ta tarar da ɓangaren Ƙanƙara a rufe. Tukunyar gas ɗinsa ta ƙare, ya tafi musanyo wata. Ta kira wayarsa, ya ce yana hanya. Ta jira, rana tana hawa, Inna tana ta fifita, asibiti kuma in ka makara wani ake ɗora wa injin wankin jinin.

Tartsatsi ya taso yana goge hannu. "Yaya, in kina so in ba ki sanyi, yanzu sai in ba ki."

"Kai da ka ce gas ne babu?"

"Akwai saura. Makunnin nan ne ya cika tsoro."

Ya yanko waya kamar tsawon yatsa, ya cire kan makunnin, ya haɗa bakin biyu kai tsaye. Kwamfuresa ya kama, ƙas. Ɗan gas ɗin da ya rage ya zagaya, iska mai sanyi ta fito. Shi da bakinsa ya yi mana bayanin amfanin makunnin nan kwanakin baya, da ƙarfi, har na ji daga shagona. Amma bayanin na ranar da ya amfane shi ne.

"Na yau ne kawai," ya ce. "In kun dawo ki biyo in cire."

Suka tafi. Ya juya wajen mai facin taya da ke gefenmu. "In mai famfo ya dawo, ka ce masa an yi sanyi ba shi."

Ba a jima ba Ƙanƙara ya sauko daga tasi da sabuwar tukunya. Mai faci ya isar da saƙo, bai rage komai ba, ya ma ƙara da bayanin guntuwar wayar. Ƙanƙara ya ajiye tukunyar a hankali. Ba ya buƙatar a gaya masa sauran. Gas yana fita ta hujin, man da ke jiƙa kwamfuresa yana bin sa, kuma yanzu babu abin da zai ce wa kwamfuresa tsaya. Maganin abu ne mai sauƙi: a kira Yaya a ce ta kashe esi, ta biyo ta gareji kafin ta ɗauko Inna. Akwai lokaci, wankin jini ba ƙaramin zama ba ne.

Na gan shi ya ciro waya daga aljihu. Ya dube ta. Ya dubi ƙaninsa, wanda ke kan benci yana kaɗa ƙafa. Ya mayar da ita aljihu.

"Bari mu ga sanyin masu waya," ya ce wa mai faci.

Sauran a bakin Yaya na ji. A hanyar dawowa, rana tsaka, suna tsakiyar gada, motoci gaba da baya ba mai motsi, sai sanyin ya ɗauke. Ta ƙara wa fanka ƙarfi. Can sai wata ƙara daga cikin bonet kamar ana yanka ƙarfe, sai warin roba. Kwamfuresa ya ƙame, bel ɗin ya yi ta gurzar sa har ya tsinke. Bel ɗin nan shi ne kuma ke juya famfon ruwan injin. Allurar zafi ta hau, sitiyari ya yi tauri, ta kashe motar kafin ta kashe kanta. A kan gada babu bishiya, babu rumfa, kwalta tana tururi. Ta buɗe duk ƙofofin, ta jiƙa mayafi da ruwan gora tana shafa wa Inna. Tsohuwar tana ta cewa ba komai, ba komai, har ta daina cewa. Kanta ya faɗa gefe.

Wani direban babbar mota da wata mata da ke bayansu ne suka ɗauke ta, suka haye da ita ɗaya hannun titin, suka tare wata motar da ba su san mai ita ba. Aka mayar da ita asibitin da ta baro. Likitan ya yi wa Yaya wani kallo, ta ce da ma zagin ta ya yi.

Da yamma na je dubiya. Na tarar da 'yan'uwan a barandar asibiti a kan benci ɗaya, wannan a wannan ƙarshe, wancan a wancan, tsakaninsu filin da mutum zai kwanta. Yaya ta fito daga ɗakin, idonta ja.

"Yaya," in ji Ƙanƙara, "ki tambaye shi wa ya ba shi izinin ɗaure makunni."

"Ki tambaye shi ina gas ɗin da yake ta zubawa."

"Ki ce masa ko jaki ya san..."

"Na ajiye aikin ɗan aike," in ji Yaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsaya a gaban Tartsatsi. "Kai ka san abin da wayar nan za ta yi."

"Na ce na yau ne kawai."

"Ai kuwa saura kaɗan ya zama na yau kawai." Ta matsa ɗaya ƙarshen bencin. "Kai kuma mai faci ya ce ka dawo da wuri. Ya ce ya gaya maka komai. Wayarka ce ta lalace?"

Ƙanƙara ya dubi takalminsa. "Da za a yi aikin ba a kira ni ba."

"Uwarka ce a cikin motar."

"Na ɗauka kwamfuresan ne kawai zai mutu. Ban yi zaton bel zai tsinke ba."

Wannan daga bakin mutumin da ya canja bel ɗin da kwamfuresa ya cinye fiye da yadda zai iya tunawa. Yaya ta dube shi har ya gaji da duban takalmin, sannan ta koma ciki.

Inna ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo ta sa aka shigo da su tare, suka tsaya a ƙafar gado, kafaɗa kusa da kafaɗa don ɗakin ba shi da faɗi. Muryarta sai an sunkuya.

"Na haifi mai sanyi, na haifi mai wuta," ta ce, "ga shi zafi ya kusa kashe ni a cikin mota. Mutanen da suka ɗauke ni ko sunansu ban sani ba."

"Inna, ai shi ne..."

"Ban tambaye ka ba. Kada hannun ɗayanku ya ƙara taɓa motar nan. Ko wanki. Ko goge gilashi."

"To, Inna."

"Ba irin wancan to ɗin ba. In na ji wani ya taɓa ta, ba zan ƙara shiga ba, ba kuma zan ƙara zuwa wankin ba. Sai ku raba wannan ma da igiyar awo."

Suka fita. A bakin ƙofa kowa ya tsaya yana jiran ɗayan ya wuce, har wata nas ta ce su ba mutane hanya.

Yaya ta sa aka ja motar zuwa wani gareji a wata unguwa, wajen mutumin da bai san su ba. Ya ɗora ta a rami, ya shiga da fitila, bai daɗe ba ya kira ta ta leƙo. Can saman tayar baya bututun ya jiƙe da mai, ƙura ta manne a wurin, hujin bai fi bakin allura ba. Ya canja bututun, ya canja kwamfuresa da bel, ya wanke hanyar gas. Da ya zo kan guntuwar wayar sai ya ɗaga ta yana girgiza kai.

"Hajiya, su wa suka yi wa motar nan wannan aika-aika?"

"Wasu ne a bakin hanya," ta ce. "Ban san su ba."

A gareji babu abin da ya canja, sai dai yanzu suna da sabon abin aikawa juna. Masu mota suna kai saƙo a kan makunni, suna dawo da amsa a kan huji. Kowannensu yana da shaidu, kuma kowannensu ya yarda an yi wa Inna laifi.

Ƙanƙara yana zuwa gaishe ta. Takan amsa a taƙaice, ta tambayi matarsa, ta juya ga rediyonta. Wata rana ya fito daga ɗakinta daidai lokacin da Yaya ta dawo daga kasuwa ta ajiye motar a tsakar gida. Ya tsaya kusa da ita, hannayensa a baya tun da an hana su. Ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta, gaba da baya, ɗis, ɗis, ya jiƙa siminti wuri biyu. Haka esi yake yi in yana sanyi yadda ya kamata, kuma babu wanda ya fi shi sanin haka. Ya sunkuya iya inda tumbi ya yarda, ya daɗe yana kallo.

"Lafiya?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

"Ya cika mata gas da yawa," ya ce. "Ba za ta daɗe ba."

Zafin shekarar ya wuce, wani ya zo. Inna tana zuwa asibiti tana dawowa, gilashi a rufe, har da ɗan bargo a gwiwa. Duk sanda Yaya ta biyo ta layinmu ta tsaya sayen wani abu, Ƙanƙara yakan taso ya tsaya nesa kaɗan da motar.

"Har yanzu tana sanyi?"

"Har yanzu," takan ce.

Sai ya gyaɗa kai, kamar wanda aka kawo wa mummunan labari ya ƙudura zai daure, ya koma bakin aikinsa.